Damin Iri a Gidan Mai Kiwon Karnuka

Manomin da ya san abin da yake yi ba ya bari sai an gama ɗaurin dammuna sannan ya tuna da iri. Tun ana yanka yake bi yana duba zangarniya ɗaya bayan ɗaya: wannan ta yi tsawo, ta cika har baki, tsabarta ta matse, ba domana, tsutsa ba ta taɓa ta ba. Irinsu yake warewa ya ɗaure daban, ya kai ƙuryar rumbu. Kowa a gidan ya san hukuncin wannan dami. Ko hatsi ya ja baya da bazara, in yaro ya kai hannu sai ka ji tsawar uban: "Kai, sauke! Wannan iri ne."

Duk wanda ya tashi ya ga ana haka, ba zai sha wuyar gane aikin wasu mutane a Birtaniya da Amurka ba, ko da kuwa abin da suke kiwo zai sa shi ya riƙe baki. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. A wurinmu kare na mafarauci ne, ko na makiyayi, ko na gadi, kuma iyakarsa waje. Can kuwa akwai mutane, da yawansu mata, da suka ƙarar da shekarunsu a kan karnuka irin Labrador da Golden Retriever: su haɗa barbara, su reni 'yan kwikwiyo, su kai gasar nuni. Ba manyan kamfanoni nake nufi ba. Ina nufin mace mai karya biyu ko uku a gidanta na ƙauye, wadda ke samun haihuwa ɗaya a shekara, wani lokaci ma sai shekara biyu. A Ingila, tun 2018, wanda ke fitar da haihuwa uku ko fiye a shekara dole ya nemi lasisin ƙaramar hukuma, to yawancin waɗanda nake magana a kansu ba su kai wannan adadi ba. Suna sayar da kwikwiyo, suna karɓo kyalle mai launi daga filin gasa, amma in ka zauna da kyau ka duba, duk wannan hatsin ci ne da na kasuwa. Aikin na ainihi shi ne wacce za a ajiye.

Da farko, me aka yi karen ya yi? Turawan Birtaniya masu hannu da shuni suna harbin tsuntsu a sama da bindiga, agwagwar ruwa da danginsu fakara. Tsuntsun sai ya faɗa cikin tafki, ko cikin ƙaya, ko bayan shinge. Ana buƙatar karen da zai zauna shiru a gefen maharbi ana ta ɓarin wuta bai motsa ba, ya lura da inda tsuntsun ya faɗi, sai an ba shi izini ya tafi, ya ɗauko shi a baki ya kawo hannun ubangidansa ba tare da haƙori ya huda naman ba. Wannan laushin baki, da haƙuri, da son ruwa, da son faranta wa mutum, su ne tsabar da ake nema. Iri shida ne ke wannan aiki, amma biyu ne suka cika duniya.

Labrador ba daga yankin Labrador ya fito ba, daga tsibirin Newfoundland ne da ke Kanada ta yau, inda masunta ke da wani baƙin kare mai taya su jan igiya da tsamo kifin da ya kuɓuce. Jiragen kifi suka riƙa kawo su tashar Poole a kudancin Ingila. Gidaje biyu na sarauta, na Malmesbury da na Buccleuch, suka riƙe irin, kuma a shekarun 1880 na farkon ya ba na biyun wasu karnuka, cikinsu har da Ned da Avon, waɗanda ake kai salsalar Labrador na yau gare su. Ƙungiyar Kennel Club, wadda aka kafa a 1873, ta amince da shi a matsayin iri mai zaman kansa a 1903. Karen masuntan kuwa ya ƙare ƙaf a garinsu.

Labarin Golden ya fi daɗin ji, don akwai littafi. Wani attajiri, Dudley Marjoribanks, wanda daga baya ya zama Lord Tweedmouth, yana da gandu mai suna Guisachan a tsaunukan Sikotilan. A 1865 ya samo wani kare mai ruwan ɗorawa, Nous, a garin Brighton, an ce a hannun wani mai gyaran takalma. A 1868 ya haɗa shi da wata karya, Belle, daga wani irin karnukan ruwa na bakin kogin Tweed da yanzu babu su. Cikin 'ya'yan ya zaɓi mace ɗaya, Cowslip, ya ci gaba da ita. Mutumin nan ya rubuta duk barbarar da aka yi a gidansa daga 1835 har 1890. Shekara da shekaru mutane na yawo da tatsuniyar cewa Golden jikokin wasu karnukan wasan kwaikwayo ne na Rasha, sai a 1952 wani ɗan danginsa, Earl na Ilchester, ya fito da abin da ke cikin littafin a mujallar Country Life, tatsuniya ta mutu. Abin lura a littafin, wanda za mu koma kansa, shi ne Marjoribanks bai rufe ƙofa ba. Yana haɗa dangi da dangi don ya kafa kama, yana kuma shigo da jini daga waje, har da jan karen farauta na wani iri daban.

To, ita mai ƙaramin gida ta yau, karya take da ita, namiji kuwa galibi na wani ne. Sai ta nema. Nan ne aikin ya fi cin rai, kuma nan ne kamarsa da zaɓen iri ta fi fitowa.

Duk manomin gero ya san shibra. Tana tsirowa tare da gero, ganyenta kamar nasa, sai an kusa kaka ka ga zangarniyarta siririya, tsabarta na kakkaɓewa ƙasa tun kafin a zo yanka. Abin haushin shi ne gero iska ke yi masa barbara. Zangarniyar da ka zaɓa tana iya zama kyakkyawa ta kowace fuska, alhali garin furen da ya sauka a kanta daga shibrar gefen gona ya taso, ko daga gonar maƙwabcin da bai damu da cirewa ba. Ido ba zai nuna maka ba. Sai baɗi.

Karnukan nan ma suna da shibrarsu, kuma ta fi ta gona ɓoyuwa. Akwai makantar da ke lallaɓowa a hankali, kare ya kai tsakiyar rayuwarsa sannan ya fara karo da kujera da daddare, kafin nan kuwa ya riga ya haifi 'ya'ya da jikoki. Akwai wata cutar da ke sa Labrador mai ƙarfi ya yi 'yan mintoci yana gudu sai ƙafafun bayansa su saki ya zube. Masu bincike a Jami'ar Minnesota ne suka gano ƙwayar halittar da ke jawo ta a 2008. Golden na da tasa, wata cutar fata mai sa jiki ya riƙa zubar da ɓawo. Duk waɗannan sai kwikwiyo ya gaji ƙwayar daga uwa da uba gaba ɗaya suke bayyana, lissafin nan dai da duk wanda ya ji bayanin AS da SS ya sani. In uwa da uba duka suna ɗauke da ita a ɓoye, kowane kwikwiyo na da haɗarin ɗaya cikin huɗu. In ɗaya ne ke ɗauke da ita ɗayan kuma wankakke ne, babu wanda zai kamu. Yau da ɗan auduga ake goge cikin kumatun kare a aika ɗakin gwaji, amsa ta dawo. Manomi da zai sami irin wannan gwaji na zangarniya, da shibra ta daɗe da zama labari.

Amma ba komai ne gwajin DNA ke kamawa ba. Babbar matsalar manyan karnuka ita ce kwankwaso: ƙashin cinya bai zauna daram a gurbinsa ba, yana goga, kare ya tsufa da ciwon gaɓoɓi tun bai tsufa ba. Wannan ba ƙwaya ɗaya ke kawo shi ba, taron dangi ne, har da yadda aka ciyar da kwikwiyo da nauyin da ya ɗauka. A Birtaniya sai kare ya cika wata 12 ake kwantar da shi da allura a ɗauki hoton ƙashi, a aika wa kwamitin likitocin dabbobi, su ba kowane ɓangare maki daga 0 zuwa 53, jimla 106, kuma ƙarancin maki shi ne alheri. Gwiwar ƙafar gaba ana auna ta daga 0 zuwa 3. A Amurka gidauniyar OFA, wadda ta fara aiki a 1966, ba ta ba da tabbataccen sakamakon kwankwaso sai kare ya kai wata 24. Ido kuma ana son a riƙa kai shi wurin ƙwararre a kai a kai. Mai kiwon kirki takan zauna da waɗannan takardu na namijin, da na iyayensa, da na 'yan'uwansa, da na 'ya'yan da ya riga ya haifa da wasu karnukan. Na ƙarshen nan sun fi kowanne faɗin gaskiya, kamar yadda ba a sanin kyawun iri sai an ga gonar wanda ya shuka shi bara.

Ga wani kuskure da masu tsananin tsabta ke faɗawa. Da gwaji ya nuna karya na ɗauke da ƙwayar makanta a ɓoye, sai su cire ta daga kiwo, ko da ita ce ta fi kowa hankali da ƙashi mai kyau. A ganina asara ce. A haɗa ta da wankakken namiji, a gwada 'ya'yan, a riƙe wankakkiya, shi ke nan an raba gari da cutar ba a zubar da sauran alherin ba. Wanda ya ƙone dami guda saboda zangarniya ɗaya, da me zai yi shuka?

Ciki kwana 63 ne, ko kusa da haka. Haihuwa takan zo da bakwai, takwas, wani lokaci goma. Makonnin farko mai gida a ƙasa take kwana kusa da akwatin haihuwa, don uwa mai nauyin kilo 30 tana iya danne ɗa ba ta sani ba. Ana auna kowanne a sikeli kullum, a ɗaura masa zare mai launi a wuya don a bambanta su. Wajen mako biyu ido ke buɗewa. Daga nan sai yaye, maganin tsutsar ciki, da saba musu da hayaniyar gida, ƙarar injin shara, yara, mota. Doka a Ingila ta hana raba kwikwiyo da uwarsa don sayarwa kafin mako takwas, tun 2016 kuma dole a dasa masa ɗan ƙanƙanin na'urar shaida a ƙarƙashin fata, sannan daga Afrilun 2020 an hana dillalai da shaguna sayar da kwikwiyon da ba su suka haifar ba.

A mako na bakwai zuwa na takwas ake ɗaure damin iri. Za ka ga an ɗora 'yan kwikwiyo a kan tebur ɗaya bayan ɗaya, ana duba kafaɗa, ana duba yadda ƙafar baya ta lanƙwasa, a jefa ƙunshin safa a ga wa zai bi ya dawo da shi, wa zai ɗauka ya gudu ƙarƙashin kujera. Sau da yawa sai an kira wata tsohuwar hannu ta zo ta sa ido. Manomi dai cikakkiyar zangarniya yake zaɓa, ya ga ƙarshenta. Mai kiwo kuwa tsiro take zaɓa, ganye biyu, tana hasashen abin da zai zama bayan shekara biyu. Haƙora na iya fitowa a karkace a wata shida. Hoton kwankwaso na iya zuwa da mugun maki a wata 12, bayan an shaƙu. In haka ta faru, sai a nema wa karyar gidan kirki ta zauna a matsayin 'yar gida, a koma farko, shekara biyu sun tafi.

Kuɗi fa? Wanda ya ji farashin kwikwiyo guda ya ninka sau takwas zai ɗauka an sami hanyar arziki. Bai lissafa hotunan ƙashi ba, da gwaje-gwaje, da ladan namiji wanda bisa al'ada yakan kai kusan kuɗin kwikwiyo ɗaya, da gwajin jini don sanin ranar da ta dace a kai karya, da tiyatar tsakar dare in haihuwa ta gardama, da shekarar da aka yi barbara ba a samu ba. Masu samun riba sosai su ne masu tara karnuka a rumfuna suna ta haifarwa ba gwaji ba hutu, kuma sun ci kasuwarsu a 2020, lokacin kullen korona, da kowa ya zauna gida yana neman kwikwiyo farashi ya yi tashin gwauron zabi. Jarabawar ƙaramar mai kiwo a irin wannan lokaci ita ce cin iri: wani ya zo da kuɗi mai tsoka yana son daidai wadda ta ware wa kanta.

Sai gasa. Nunin karnuka na farko irin na zamani an yi shi a Newcastle a 1859. Mafi girma a yau shi ne Crufts, wanda Charles Cruft ya fara a 1891, kuma tun 1991 a Birmingham ake yin sa, kwana huɗu a watan Maris, da karnuka kusan dubu 20. Labrador da Golden su ne kan gaba a yawa, kowanne wajen ɗari biyar. Ba a shiga haka kawai, sai kare ya yi abin kirki a wata babbar gasa tukuna. Alƙali na da rubutaccen siffar kowane iri a kansa. Na Labrador ya ce namiji ya kai santimita 56 zuwa 57 a kafaɗa, gashi gajere mai ninki biyu da ruwa ba ya ratsawa, jela mai kauri a gindi tana sirancewa, wadda ke yi masa aikin matuƙi in yana iyo. Alƙalin zai buɗe baki ya duba haƙora, ya shafa kafaɗa da haƙarƙari, ya ce a zaga da shi ya ga tafiya. Minti biyu, in an daɗe uku. Kafin kare ya zama zakara a Birtaniya sai ya karɓi babbar takardar nasara sau uku daga alƙalai uku daban-daban, kuma tsofaffin zakaru na nan cikin fili suna takara da shi. A Amurka maki 15 ake tarawa, ciki har da manyan nasarori biyu a hannun alƙalai biyu, kuma can an saba ɗaukar ƙwararren ɗan haya ya riƙe igiya, abin da ke sa mai ƙaramin ƙarfi ta fara da baya. Wanda ya cinye Crufts gaba ɗaya kuwa, kuɗin da ake ba shi bai wuce fam 200 ba, sai kwafin kofi.

To me ya sa ake tashi tun asuba a tuƙa mota awa huɗu da kare a baya? Akwai son a sani, ba a musu. Amma akwai dalili mai kyau: gwano ba ya jin warin jikinsa. Wadda ta karɓi haihuwar karya da hannunta, ta shayar da ita da kwalba, ba za ta ga cewa bayanta ya lotsa ba. Sai ta tsaya a layi da wasu ashirin sa'o'inta, baƙon ido ya duba, ta ji an kira wasu an bar ta. Manomin da bai taɓa leƙa gonar kowa ba, kullum geronsa ne ya fi. A filin ne kuma take ganin mazajen da za ta nema, ta ga 'ya'yansu da idonta maimakon hoto.

Illar ita ce alƙali abin da ido da tafin hannu suka gani a minti biyu kaɗai yake hukunci a kai. Ba ya harba bindiga ya ga ko karen zai firgita, ba ya jefa shi a ruwan sanyi. Da aka ɗau shekaru ana zaɓe da ido zalla a gefe guda, ana zaɓe da aiki zalla a ɗaya gefen, sai iri ɗaya ya rabe biyu. Labrador na nuni ya zama gajere, mai faɗin kai, mai kauri. Na farauta ya zama siriri, mai sauri, mai zafin nama. In ka tsayar da su tare ba ka ce takardarsu ɗaya ba. A da ba haka abin yake ba. Lorna, Countess Howe, tana da Banchory Bolo, Labrador na farko da ya zama zakara a nuni ya kuma zama zakara a gasar farauta, kuma karenta Bramshaw Bob ya cinye Crufts sau biyu a jere, 1932 da 1933. Labrador na ƙarshe da ya haɗa kambun biyu a Birtaniya shi ne Knaith Banjo, wanda aka haifa a 1946. Tun daga shi ba a sake ba. Ita kanta Kennel Club ta san da wannan rami, shi ya sa karen farauta da ya ci takardunsa uku ba ta kiransa cikakken zakara, zakaran nuni kawai take ce masa, sai ya je daji ya nuna yana iya ɗauko tsuntsu. Kaɗan ne ke zuwa. Wannan ita ce zangarniya mai tsawon kamu biyu da ke ɗaukar ido a kan dami, a sussuka a ga tsabar ba ta taka kara ta karya ba.

Kaurin nan ma akwai magana a kansa. A 2016 wata mai bincike a Jami'ar Cambridge, Eleanor Raffan, ta nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na Labrador na ɗauke da wani canji a ƙwayar halittar da ake kira POMC, wanda ke sa ba sa jin sun ƙoshi. Kare mai wannan hali na iya fin sauƙin horo, don zai yi komai saboda loma. In kuma filin gasa ya saba ganin ƙiba a matsayin cika, to an haɗa kwaɗayi da yabo, gaɓoɓi su ɗau nauyin.

Babban haɗarin dai ba a kan kare ɗaya yake ba. A ce a ƙauye guda wani ya fitar da zangarniyar da ta ba kowa mamaki, sai duk garin suka watsar da nasu iri suka ɗiba daga wannan kaɗai. Shekarar farko gonaki za su yi kyau iri ɗaya. Ranar da cutar da wannan iri ba ya jurewa ta zo, ko ruwa ya ɗauke da wuri, babu gidan da zai tsira, kuma babu wanda za a je wa aro. Haka ake yi da karen da ya yi suna. Karya ba ta wuce 'yan haihuwa a rayuwarta, amma namiji ɗaya na iya haifar ɗaruruwa, yanzu ma da ake daskarar da maniyyi a aika ƙetare, har bayan ya mutu. Bayan zuriya huɗu ko biyar sai ka buɗe takardar salsala ka ga sunansa ta wajen uwa, ka gan shi ta wajen uba, sau uku, sau huɗu. Abin da ya ɓoye a jikinsa ya bazu ko'ina. Gonar manomi ko ba komai a buɗe take, iska na kawo mata baƙon fure, mai kyau da maras kyau. Littafin rajista kuwa a rufe yake: ba a kiran kwikwiyo Golden sai uwarsa da ubansa Golden ne masu rajista. Abin da Marjoribanks ya yi da hannunsa ya samar da irin, in jikokinsa suka yi yau, 'ya'yan ba za su shiga littafi a matsayin Golden ba.

Sakamakon na nan ana gani. Wani bincike da ƙungiyar masu Golden ta Amurka ta yi a 1998 ya nuna kusan kashi 60 cikin 100 na karnukan da suka mutu ciwon daji ne ya kashe su, abin da ya sa gidauniyar Morris ta fara bin rayuwar Golden sama da 3,000 tun 2012 don gano dalili. A Birtaniya, wani nazari na 2018 a kan bayanan asibitocin dabbobi ya gano Labrador mai launin cakulan yana rayuwa shekara 10.7 a tsakaice, baƙi da mai ruwan ɗorawa kuwa 12.1, kuma ya fi su ciwon kunne da na fata. Masu nazarin ba launin suka zarga ba, sun fi karkata ga cewa masu neman launin ne suka riƙa ɗiba daga 'yan karnuka kaɗan don biyan kasuwa. A 2008 BBC ta nuna wani shiri mai suna Pedigree Dogs Exposed da ya tona illar haɗa dangi na kusa, ta kuma daina nuna Crufts. Shekara ta gaba Kennel Club ta daina rajistar 'ya'yan uwa da ɗa, uba da 'ya, da wa da ƙanwa. Yanzu mai kiwo na iya shigar da sunan karyarta da na namijin a intanet ta ga yawan kusancin jininsu: 'yan uba ɗaya kashi 12.5, 'ya'yan wa da ƙani 6.25. Abin dariya, ƙungiyar da ke horar da karnukan ja-gorar makafi a Birtaniya, wadda ba ruwanta da kyalle sai aiki, ta daɗe tana haɗa Labrador da Golden da gangan, kuma ruwa-biyun nan suna cikin waɗanda ta fi dogara da su.

A nan ne ƙananan gidaje ke da amfanin da su kansu ba kullum suke gani ba. Mace ɗari masu karya bibbiyu, kowacce da ra'ayinta da taurin kanta, wannan ta tafi wurin wani tsohon kare a Wales da bai taɓa cin komai ba amma 'ya'yansa na kai shekara 14, waccan ta ƙetara Suwidin, sun fi wa irin alheri a kan babban gida ɗaya mai karnuka ɗari biyu da namiji uku. Amma sai in kowacce ta yi zaɓen kanta. In duk suka yi layi a ƙofar zakaran bana, yawan nasu bai tsinana komai ba. Akwai ma irin da su kaɗai ke riƙe da shi: Curly-coated, mai nannaɗaɗɗen gashi, yana cikin jerin karnukan gida da Kennel Club ke fargabar ɓacewarsu, waɗanda rajistarsu ba ta kai 300 a shekara.

Akwai inda kwatancen ya tsaya. Manomi in ya yi kuskuren iri, geron da ya fito ko ya ƙi kyau a daka shi a sha fura, baɗi a sake. A shekara 30 yana da kaka 30. Mai kiwo, da yake sai karya ta girma an gwada ta, zuriya ɗaya na cin shekara uku zuwa huɗu, don haka a shekara 30 ba ta da zaɓe fiye da takwas ko goma. Kuskurenta kuma rai ne, zai yi shekara 12 a falon wasu mutane, yana ɗingishi ko yana cizo, yaransu na kuka. Kennel Club ba ta rajistar haihuwa fiye da huɗu daga karya ɗaya, ba ta karɓa in karyar ta kai shekara takwas, ko in an riga an yi mata tiyatar haihuwa sau biyu, sai da dalili na musamman. Bayan nan karyar ta yi ritaya, amma tana nan, tana ci, tana zuwa asibiti, ta mamaye kujera mafi taushi. Kaka, uwa, 'ya, jika, gida ya cika. Shi ya sa ƙaramin gida ke zama ƙarami ko mai shi ba ta so.

Sannan ga alkawarin da masu kiwon kirki ke rubutawa a takardar ciniki, cewa duk ranar da mai saye ya kasa riƙe karen, kada ya kai shi gidan karnukan da aka yasar, kada ya sayar, ya maido shi. Wayar kan zo bayan shekara biyar ko shida: aure ya mutu, ko an koma gidan hayar da ba a yarda da dabba ba, ko mai shi ya kwanta asibiti. Sai mai kiwon ta ɗau mota ta je ta ɗauko ƙaton kare mai ƙiba da ya manta duk horonsa, ya zo ya cike gurbin da ta tanada wa kwikwiyon bana, a ɗage barbara sai an sama masa wani gida.